Ku Zo Ku Gaya wa Ladan Nomau Gaskiyar Ɓerayenku

Zuwa ga Farfesa, Shugaban cibiyar binciken cututtuka da ta aiko likita ƙasashen Bakura da Mafara da Maradun domin karɓar bawalin dattawa.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata gare Shi, Mai jarraba bayinSa da cuta bisa hikimarSa, Mai ɗauke ta a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta dace da matsayinka, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a, ya kuma wannan hali na rashin zaman lafiya da ƙasarmu ke ciki? Allah Ya kawo mana sauƙinsa.

Sunana Malam Haliru. Ni ne limamin wani ƙaramin masallacin salloli biyar a wani ƙauye na ƙasar Bakura, kuma ina karantar da magidanta fiƙihu a zaurena bayan la'asar. Ba ka san fuskata ba, amma abin da ya fito daga jikina ya shiga ɗakin bincikenka. Ina neman afuwar masu karatu, domin zan ambaci abubuwan da dattijo ba ya ambata a bainar jama'a. Malamanmu sun koya mana cewa inda maganar tsarki ko ta rai ta shigo, kunya kan ja da baya. Wannan magana kuwa ta rai ce. Akwai wani bawan Allah, Ladan Nomau, mai kiran salla a masallacina, ɗan gwaggota kuma abokin wasana tun muna yara, yana kwance a ɗakinsa bawali ya tsare masa, ya ƙi yarda a kai shi asibiti. Dalilin ƙinsa yana hannun cibiyarka, kuma ina ganin maganin ƙin ma yana nan.

Ban fara da rubutu a fili ba. Na aika saƙo ta bakin mutane. Na hau mota da kaina, da ciwon da ke jikina, na zo ƙofar cibiyarka, aka ba ni kujera da ruwa cikin mutunci, aka ce ka yi tafiya. Na bar bayani, ban ji amsa ba. Shi ya sa na zaɓi wannan hanya, ko wani da ya san ka zai karanta ya isar maka.

Na ɗaya: ciwon da ya haɗa mu da ku.

Shekaru ke nan ina fama da wata lalura. Takan fara da zafin bawali, sai masassara mai sanyi ta biyo, sai wani nauyi ya zauna a mara da ƙugu kamar an ɗora dutse. Mutum ya zaga ya dawo, bai gama zama ba ya ji yana son komawa. In ya yi tsarki ya miƙe, sai ɗigo ya biyo. Wanda bai san fiƙihu ba zai ɗauka ɗigo ɗaya ba kome ba ne. Ga limami kuwa, ɗigon nan shi ne kome. Na san sauƙin da shari'a ta yi wa mai irin wannan lalura a kan sallarsa shi kaɗai, amma na kuma san abin da malamai suka faɗa game da shi ya shiga gaban masu lafiya. Saboda haka duk lokacin da ciwon ya tashi nakan ja da baya, in sa ɗaya daga cikin ɗalibaina ya ja salla, ni in tsaya a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Jama'a suna ɗauka tawali'u ne ko tarbiyyar ɗalibai. Ladan Nomau kaɗai ya gane, domin shi ma abin da ke damunsa ke nan. Ya taɓa raɗa mini a wajen alwala: “Liman, ni da kai mun zama tsofaffin butoci, ko an cika mu ba mu kaiwa masallaci.”

Mun sha saiwoyi. Mun sha kafson kemis, ja da rawaya. Ciwon ya kwanta wata biyu ko uku, ya sake tashi. Ba mu kaɗai ba ne. Duk wanda ya lura da yadda tsofaffi ke yawan tashi daga majalisa su zaga bayan danga, ya san abin yana da yawa a ƙasar nan, ba a dai faɗa ne.

Na biyu: abin da aka gaya mana.

Bayan girbin gero na shekarar da ta gabaci bara, wani likita daga cibiyarka, Dakta Lawali, ya zo wurina da rakiyar ma'aikacin ɗakin shan maganinmu. Yaro ne mai ladabi, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zauna ƙasa. Shi ya fara bayyana mini cewa a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙululun nama da hanyar bawali ta ratsa ta tsakiyarsa, likitoci na ce masa furostet. Ya ce ƙwayoyin cuta kan shige cikinsa su laɓe, magani kuwa ba ya ratsa shi da sauƙi, shi ya sa ciwon ke kwanciya ya tashi. Ya ce cibiyarku tana son karɓar bawalin dattawa masu wannan lalura, a auna, a gano irin ƙwayar da ke cikinsa da maganin da ke kashe ta. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Allah shi ne shaida, ba a ambaci dabba ba, babba ko ƙarama.

Ya nemi in taimaka, domin ya zagaya kwanaki bai samu ko mutum ɗaya ba. Na yi nazari, na ga abin alheri ne, addini kuma ya hore mu da neman magani. Na tara dattawa a zaurena, na sallami yara, na fara da kaina: na gaya musu dalilin da ke sa ni tsayawa a ƙarshen sahu. Na karɓi kwalbar farko a gabansu. Ladan Nomau ya karɓi ta biyu yana dariya, yana cewa in dai Liman ya shiga rijiya shi ma ya shiga, ko don ya ga yadda rawani ke jiƙewa. Daga nan magana ta bazu. Mutane suka zo daga Tsibiri, wasu daga Damaga, bisa babura, suna cewa sun ji Malam Haliru ya ce babu laifi.

Zan faɗi gaskiyar alherin da aka yi. Dakta Lawali ya dawo da sakamakon wasunmu, ya rubuta mana maganin da ya dace. Ni kaina na samu sauƙin da na daɗe ban samu irinsa ba, na ja tarawihin azumin da ya biyo baya ba tare da na ja da baya ba. Daga baya ciwon ya dawo, kamar yadda shi likitan ya ce yana iya dawowa. Ban riƙe ku da wannan ba.

Na uku: abin da ya kamata a tambaye mu ba a tambaya ba.

Ranka shi daɗe, ban sani ba ko a ƙauye ka tashi. A ƙasar nan, tun kakanni, namiji ba ya barin bawalinsa a fili. In ya tsuguna a daji ko bayan gari, sai ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe wurin, ko ya zuba sauran ruwan butarsa. Ba don tsafta kaɗai ba ne. Mutanenmu sun yi imani cewa maƙiyi yana iya ɗibar ƙasar da mutum ya jiƙa ya kai wa boka, boka ya haɗa ta da wata dabba mai rai, kwaɗo ko ƙadangare ko ɓera. Daga ranar, a ganinsu, an ɗaure mutumin da dabbar. In an matsa mata, ya ji a jikinsa. In an toshe ta, ya toshe. In an kashe ta, ya bi ta. Na shafe rayuwata ina wa'azi a kan wannan, ina cewa babu mai cutarwa ko amfanarwa sai da izinin Allah. Suna saurare, suna cewa gaskiya ne Malam, amma har yau ba wanda ya daina tura ƙasa da ƙafa.

Wannan shi ne abin da ya hana likitanka samun mutum ɗaya kafin ya zo wurina. Ya ɗauka kunya ce kawai. Waɗanda suka miƙa kwalaben nan sun tsallake tsoron da suka gada, kuma sun tsallake shi ne saboda maganata.

Na huɗu: ranar da muka ji muryarka.

Ana cikin damina, wata rana bayan la'asar, muna zaune gindin itacen bedi, wato darbejiya, na ƙofar masallaci, rediyon Ladan a kunne kamar kullum, sai aka sa shirin kiwon lafiya. Kai ne baƙon. Ka yi magana da Hausa mai kyau, cikin farin ciki, kamar mai albishir. Ka ce cibiyarka ta yi nasarar ɗaukar cutar da aka samo daga bawalin dattawan yankin Bakura da Maradun, ta sa wa mazan ɓeraye ta hanyar bawalinsu, har ƙululunsu ya kumbura kamar yadda na mutum ke yi. Mai gabatarwa ya tambaye ka, daga nan fa? Ka ce ana ba wasu magani, a bar wasu ba magani, in lokaci ya cika a kashe su a buɗe a duba.

Na dubi fuskokin da ke kewaye da ni. Kai kana bayanin ilimi, su kuwa suna jin aikin boka daki-daki, daga bakin wanda ya yi shi: an karɓi bawali, an sa wa ɓera, an toshe shi, za a kashe shi. Ladan Nomau ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya dube ni, ba dariya a fuskarsa, ya ce, “Haliru, cikin waɗanne nike? Waɗanda aka ba magani ko waɗanda aka bari?” Tun da aka naɗa ni limami bai taɓa kiran sunana gatsau a gaban mutane ba sai ranar.

Ni ma a lokacin na fara jin maganar ɓerayen. Washegari na kira Dakta Lawali. Ya ce tun farko an san za a yi aikin ɓeraye, amma manya suka ga kada a ambata, don kada a firgita mutanen ƙauye. Ya ce shi ya so a faɗa. Ya kuma yi mini bayanin da, da an yi shi tun ranar farko a zaurena, da ban rubuta wannan takarda ba. Ya ce ba bawalin kowa ake sa wa ɓera ba. Ƙwayar cutar ake warewa daga cikinsa, a rene ta a wani ɗan faranti har ta hayayyafa, jikokin jikokinta ake sa wa dabba. Bawalin kansa an daɗe da zubarwa. Ya ce babu wani ɓera da ke ɗauke da sunan wani mutum. Na roƙe shi ya zo ya maimaita wannan a gaban jama'a. Ya ce zai nemi izini. Da na sake kiransa sai ya ce an mayar da shi wani sashe, an kuma hana shi magana da yawun cibiya. Tun daga nan ba mu sake ganin motarku ba.

Na biyar: abin da ya biyo baya.

Ba a jima ba Allah Ya yi wa Alhaji Bawa na Damaga rasuwa. Yana cikin waɗanda suka ba da bawali. Tsoho ne tukuf, yana da hawan jini da ciwon suga tun da daɗewa, ajalinsa ne ya zo. Amma a wajen zaman makoki, ina zaune ina ji, wani ya ce, “An yanka kusun Alhaji ke nan.” Kusu shi ne ɓera a bakin mutanenmu. Ba wanda ya musa masa. Da na ɗaga hannu zan yi addu'a, wasu daga cikin 'ya'yan mamacin suka tashi suka shige gida.

Ba zan tsawaita a kan abin da ya same ni ba. Zauren karatuna ya ragu, wasu sun koma salla a wani masallaci, akwai masu sauya hanya in sun hango ni a kasuwar Bakura. Na kai shekarun da wannan ba zai hana ni barci ba, kuma Allah Ya san abin da na sani da abin da ban sani ba a ranar da na ɗauki kwalbar farko. Abin da ya fi damuna shi ne ma'aikacin ɗakin shan maganinmu ya gaya mini cewa yanzu tsofaffi ba sa yarda su ba da bawali ko don awon suga.

Sai kuma Ladan. Da sanyin bana ya shigo ciwonsa ya tashi, irin tashin da bai taɓa yi ba. Bawalin ya koma fita da ƙyar, ɗigo-ɗigo, yana cije haƙora. Mararsa ta kumbura ta yi tauri. Masassara tana kama shi har gadon ya riƙa motsi. Ya daina kiran salla, domin ba ya iya tsayuwar. Mutumin da muryarsa ke kai wa masu aikin shinkafa a fadama su ajiye lauje, yanzu sai na kai kunnena bakinsa. Ma'aikacin lafiya ya duba shi, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai shi asibiti a Mafara a sa masa roba a zuƙe abin da ya taru, a ba shi magani ta jijiya, in ba haka ba ciwon zai taɓa ƙoda. A makon da ya wuce ƙafafunsa suka fara kumbura.

Ya ƙi. 'Yarsa Hajara, wadda ta baro ɗakin mijinta ta zo jinyarsa, ta durƙusa gabansa tana kuka, ya ƙi. Ya ce ba zai kai kansa hannun waɗanda suka ɗaure shi su ƙarasa shi ba. A wurinsa duk mai farar riga ɗaya ne.

Na zauna bakin gadonsa na yi masa duk bayanin da na iya. Na kawo masa ayoyi da hadisai a kan tawakkali da neman magani, ya ce duk ya yarda. Na kawo masa misali da abin da ya sani. Na ce, Nomau, ka ga yadda Bafillata ke ɗibar ɗan tsohon nono ta zuba a sabuwar madara don ta yi tsami? In aka shanye sabuwar ƙwaryar ko aka zubar, me ya sami saniyar da aka tatsi na farko? Haka cutar nan take, iri aka ɗiba, ba kai aka ɗiba ba. Ya yi murmushi, na ɗauka na ci nasara. Sai ya ce, “Liman, wanga karatu naka ya yi kyau. Amma kai da ka karanta mini shi, ka san da kusu ranar da ka ba ni kwalba?” Na ce ban sani ba. Ya ce, “To wanda aka ɓoye ma kusu, mi ya sani game da kusu?”

Ranka shi daɗe, ina da shekaru masu yawa ina amsa fatawa, na kuma san hujja in na ji ta. Gaskiya ya faɗa. Shaidata ta faɗi a wurinsa, ba don ya ɗauke ni maƙaryaci ba, sai don ya ga ni ma an rufe ni. Hukuncin shaida ke nan ko a gaban alƙali: wanda bai halarta ba, ba ya shaida. Na tambaye shi wa zai gaya masa ya yarda. Ya ce mai muryar nan ta rediyo. Ya ce in mutumin nan ya zo ya zauna nan inda nake zaune, ya dube shi cikin ido ya ce babu kusunsa a hannunsa, ya rantse, to a ɗauko babur a kai shi.

Na shida: matsayina game da aikinku, don kada a yi mini mummunar fahimta.

Ba na cikin masu cewa a rufe cibiyarku, ba na kuma cewa aikin ɓerayen haramun ne. Na yi tunani a kansa da ɗan abin da Allah Ya sanar da ni. Ba za a buɗe cikin mutum mai rai don a ga inda ƙwayar cuta ta laɓe ba, ba kuma za a gwada maganin da ba a san shi ba a jikin tsoho. Allah Ya hore mana dabbobi don amfaninmu bisa sharaɗi: a yi don buƙata ta gaskiya, kada a wuce gwargwadonta, a ciyar da su a shayar da su, a sauƙaƙa musu raɗaɗi, in za a kashe a kyautata kisan. Za a tambaye ku game da ɓerayen nan ranar hisabi kamar yadda za a tambaye ni game da akuyar da ke ɗaure a gidana. In kun kiyaye wannan, ina roƙon Allah Ya sa ku gano abin da zai ratsa ƙululun nan ya kashe cutar har saiwarta. Ni mai buƙata ne. Har yau da nake wannan rubutu, sai na tashi na zaga na dawo na ci gaba.

Kukana a kan ɓoyewar ne. An karɓi amana daga hannun mutane, aka yi da ita abin da ba a gaya musu ba. An yanke hukunci a ofis cewa ba za mu fahimta ba, alhali ba a gwada mu ba. Da an gaya mini, da na ce a dakata, in tara dattawa, in kira likita ya kawo farantin da ake renon cutar su gani da idonsu, a yi tambaya a ba da amsa, wanda ya yarda ya bayar, wanda bai yarda ba ya tafi da mutuncinsa. Wataƙila da rabinsu sun ƙi. Amma rabin da suka yarda, da babu rediyon da zai girgiza su. Sa'an nan abin da aka ga ya fi ƙarfin kunnenmu a zaure, shi aka ɗauka aka watsa wa duniya ba tare da an tuna cewa mu ma muna da rediyo ba.

An gaya mini dalilin rashin dawowarku shi ne hanya ba lafiya. Na sani. Mun binne waɗanda hanyar nan ta ci, kuma ba zan ce ka jefa ranka cikin halaka ba. Amma hanyar ba ta fi haka lafiya ba lokacin da motarku ke zuwa ɗaukar kwalabe cikin akwatin ƙanƙara. Akwai ranakun kasuwa da ake tafiya cikin ayari, akwai lokutan da direbobi suka sani. Mu ma a kanta muke bi kullum.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

Da farko, kuma shi ne gaba da kome, ka zo da kanka wurin Ladan Nomau, cikin kwanakin nan, ba bayan an gama taro an kafa kwamiti ba. Ba ina neman ka ce masa ka sake shi ba, domin wannan zai zama tabbatar da camfi, kuma ƙarya ce, ba ka taɓa riƙe shi ba. Gaskiya kawai za ka gaya masa: cewa bawalinsa an zubar tuntuni, cewa babu dabbar da ke ɗauke da sunansa ko ransa, cewa kuskure ne da ba a gaya masa ba tun farko. Ka yi magana da muryar da ya ji, zai gane ta. In zuwa ƙauyen ya gagara, ka iso Bakura, mu nemi yadda za a yi ku haɗu, ko da yake ina shakkar zai yarda a ɗaga shi kafin ya ji ka. Waya ba za ta yi ba, na gwada masa wannan shawara, ya ce murya ba ta da ido.

Bayan haka, ka tsaya a ƙofar masallacinmu ka yi wa sauran dattawa irin wannan bayani, ka aika a yi shi a Tsibiri da Damaga, ka kuma isar da ta'aziyya ga iyalan Alhaji Bawa. Ka koma gidan rediyon da ka yi magana ka warware abin da ka ƙulla, da irin Hausar da ka yi ta farko. Ka ɗage wa Dakta Lawali takunkumi, domin mutane sun san fuskarsa, kuma bai kamata yaro ya ɗauki nauyin shawarar da ba shi ya yanke ba. Nan gaba kuma, duk garin da za ku shiga karɓar wani abu daga jikin mutane, ku fara tambayar dattawansa me wannan abu yake nufi a wurinsu, ku kuma faɗi inda zai ƙare, ko da faɗar za ta rage muku masu bayarwa.

Shekaranjiya Ladan ya sa Hajara ta kira ni. Ya ce ya yafe mini, ko da yake bai ga laifina ba. Ya gaya mini inda yake so a sa shi, kusa da mahaifiyarsa, ya ce ni zan yi masa wanka, in kuma ɗigon nan ya hana ni shiga gaba ranar, to in shiga haka nan, shi ya yarda. Ya ƙara da cewa kada in yi masa doguwar addu'a irin tawa, mutane na da aikin gona. Ya yi dariya, dariyar ta tayar masa da ciwo. Na fito na tarar da Hajara a zaure ta riga ta yi magana da mai babur, ta ce ya zauna cikin shiri, ko Allah zai sa Baba ya sauya ra'ayi.

Ajali yana hannun Allah, ba ya gaba ba ya baya. Amma mu ana tambayarmu a kan sababi, kuma sababin da ya rage a wannan al'amari ɗaya ne, kai ne. In ka zo yanzu, za ka tarar da mutum mai ji da gani, wanda ya yi alkawarin zai hau babur in ya ji daga bakinka, kuma ban taɓa sanin ya saɓa alkawari ba. In ka zo daga baya, zan tarbe ka, zan shimfiɗa maka tabarma, zan karɓi gaisuwarka kamar ta kowane Musulmi. Sai dai ina roƙonka, ranar kada ka zo da bayani, domin wanda yake jiran sa ba zai kasance a wurin ba.

Allah Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, Ya sa albarka a iliminka, Ya tsare ka a hanyarka ta zuwa da ta komawa. Allah Ya kare ka da tsufan da ke hana mutum riƙe alwalarsa. Allah Ya ba Ladan Nomau lafiya, Ya jiƙan Alhaji Bawa da sauran magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.

Naka mai jiran ganin ƙurar motarka,

Malam Haliru,
limamin wani masallaci a ƙasar Bakura.

Wassalam.